Kafin a Cire wa Baba Murya

A unguwarsu babu mai kiran mahaifin Auta da sunansa, Rediyo ake ce masa. Shekara da shekaru ya yi yana tuƙa motar makaranta, kuma duk yaron da ya taɓa zama a bayansa zai gaya maka cewa daga ƙofar gida har bakin aji bakin mutumin nan ba ya rufuwa. Ya ba yara labari, ya yi wa masu babur faɗa, in motar ta ƙi tashi ita ma ya juyo kanta da surutu. Mama takan ce tun da ta shigo gidan nan ba ta san shiru ba sai in ya yi barci, shi ɗin ma rabin shiru ne, don akwai minshari.

To wannan mutumin ne likita ya zaunar ya gaya wa cewa ciwon da ke maƙogwaronsa ya ci wuri, dole a cire inda murya ke fitowa gaba ɗaya. Zai rayu in Allah ya yarda, zai ci abinci, zai taka ya je inda yake so, amma magana kam ta ƙare. Aka sa ranar aiki, kuma ba ta da nisa.

Auta ita ce ƙarama a gidan, aikinta rubuta manhajar waya a wani ƙaramin kamfani da ke saman shagon taya. Kuka ta yi a mota har suka iso gida, tana shiga ɗaki ta share hawaye ta kira Yaya. Shi ma sana'arsu ɗaya, sai dai shi a jirgin ruwa yake aiki, yana kula da kwamfutocin masu auna ƙarƙashin teku. Ya daɗe yana haɗa wani inji a lokacin hutunsa, na cikin kwamfuta, ba na ƙarfe ba. Mutum zai karanta masa jimloli, injin ya koyi muryarsa, daga baya duk abin da aka rubuta ya faɗe shi da wannan muryar. Nan take suka shirya. Shi zai ba da injin, ita za ta gina masa jiki a waya, allo da madannai da komai, Baba ya karanta jimlolin kafin ranar aiki.

Sai ka ce ai kowace waya tana ɗaukar murya. Haka ne, amma ba ka san Baba ba. Bai taɓa tura saƙon murya ba a rayuwarsa. Cewa yake yin magana da waya babu kowa a ɗaya gefen alamar taɓin hankali ce, in kuma ya ga an ɗaga waya za a yi masa bidiyo sai ya tsuke baki kamar an ɗinke. Amma da Auta ta yi masa bayanin wannan, sai ya ce, "Ke da yayanki za ku haɗa? Hannu biyu? To wannan kam zan yi masa magana." Ya san 'ya'yansa sarai. Tun suna yara ba a taɓa ba su wanke-wanke tare an gama lafiya ba.

Yaya yana da wani hali da duk gidan aka sani, ba ya ba kowa asalin rubutun aikinsa. Tun lokacin da Auta tana koyo ta shiga kwamfutarsa ta gyara masa wani abu da ba a sa ta ba, ya rantse ba ta ƙara ganin cikin aikinsa. Saboda haka a dunƙule ya turo mata injin, an riga an niƙa shi zuwa yaren inji, ba ya karantuwa balle ya gyaru. Ya haɗa mata da sunayen ƙofofin da za ta riƙa ƙwanƙwasawa, wannan ta fara naɗi, wannan ta tsayar, wannan ta furta. Washegari jirginsu ya tashi zuwa inda waya ba ta kamawa sai an yi sa'a.

Shi da yaren kwamfuta mai suna C++ ya rubuta injinsa, ita kuwa da wani mai suna Swift take gina nata, a tsakani ta sa 'yar gada da yaren C don su ji juna. Aikin yau da kullum ne, ta sha yinsa. Kowane ɓangare ya niƙu lafiya lau. Saura mataki na ƙarshe, wanda masu sana'ar ke kira linka. Shi ne ke ɗaukar guntayen ya ɗinke su su zama manhaja guda, kuma aikinsa bai wuce bin sunaye ba. In nata ya ce a kira masa fara_nadi, linka zai shiga cikin na Yaya ya nemo mai wannan sunan ya haɗa su. Ta danna, ta jingina da kujera, sai ga jan rubutu a ƙasan allo: undefined symbol. Wato ya duba bai ga mai wannan sunan ba.

"Kai, ban da iskanci," ta ce wa allon. "Ga shi nan a gabanka."

Ta duba ko harafi ta ci, ba ta ci ba. Ta duba ko ba ta nuna wa linka inda injin yake ba, ta nuna. Ta goge duk abin da aka niƙa ta sake daga farko, ta kashe kwamfutar ta kunna, abin da take yi wa abokan aikinta dariya in sun yi. Jan rubutun yana nan daram.

A teburin cin abinci na falo take aikin in ta dawo, Baba kuwa ya mayar da kujerar gefenta mazauninsa. Don kar aiki ya tsaya, sai ta yi abin da kowane mai sana'ar yake yi, ta sa injin bogi a gurbin na Yaya, don kawai ta ga madannai suna amsawa. Ba ya koyon komai. In an danna jan madanni ya ɗauki sauti ya zuba a fayil guda mai suna gwaji, in an sake dannawa ya zuba sabon a kan tsohon. Ta ɗora shi a wayar Baba, tunda ita za a yi amfani da ita.

Ai kuwa kamar an ba yaro sabon keke. Baba ya karɓi wayar da hannu biyu, ya gyara murya, ya danna ja.

"Assalamu alaikum, jama'ar cikin waya. Direba ke magana."

Daga ranar ba a ƙara samun wayar a hannun kowa ba. Ya ba ta labarin ranar da birki ya tsinke masa a gangaren gada da yara cike da mota, ya sa su waƙa don kar su gane, har ya samu tudun yashi ya tura motar ciki. Ya ba ta labarin shugaban makarantar da ke tsoron kaza. Ya ba ta labarin yadda ya fara ganin Mama, tana tsaye bakin titi da ƙanenta da ya makara, ta tsayar da motar da hannu ɗaya kamar 'yar sanda, ta wanke shi tas a kan ya wuce lokaci. Mama daga kicin ta ce, "Ƙarya yake yi, hannu biyu na ɗaga." Ya ce, "Kun ji ta ko? Har yau ba a gama shari'ar ba."

"Baba, gwaji ne fa," Auta ta ce, idonta na kan allo. "In na gama za ka sake faɗa da kyau."

"To, uwata. Amma yana ɗauka ko?"

"Yana ɗauka."

Ba ƙarya ta yi ba, yana ɗauka. Kuma ta san kowane labari yana hawa kan na jiya ya shafe shi. Gyaran bai fi layi ɗaya ba, ta sa kowane fayil ya fito da sunansa daban. Ya faɗo mata a rai, har ta kai hannu. Amma a sana'arsu ba a yi wa abin wucin gadi ado, abin da gobe za a zubar. Kuma sautin da injin bogi ke ɗauka ba irin wanda na Yaya zai karɓa ba ne. Ta ce bari dai ta kashe jan rubutun nan tukuna, yau ɗin nan zai mutu.

Bai mutu ba. Ta kai shi ofis, ta juya allon wajen Dogo, wanda teburinsa ke manne da nata. Ya ajiye kofin shayinsa, suka buɗe injin da wata 'yar manhaja mai nuna sunayen da ke ciki. Sai ga sunan, amma an yi masa kwalliya, tarkacen haruffa da lambobi gaba da baya. Haka C++ yake yi wa sunaye in ba a hana shi ba, shi kuwa C sunan yake nema tsirara. Akwai 'yan kalmomin da Yaya zai rubuta a saman aikinsa su hana wannan, ya manta, don shi bai taɓa kiran injinsa daga wani yare ba.

"Shi ke nan?" Auta ta ce, har da dariya. Ta sake rubuta gadar da yaren Yaya, ta yadda za ta kira sunan da kwalliyarsa ta miƙa wa nata tsirara. Ta danna. Jan layin ya ɓace. Kafin ta rufe baki wasu suka zubo, allo guda, ta ja ƙasa, wani allon, ta ja, ba su ƙare ba. Allura ta tono garma.

Dogo ya matso da kujera ya daɗe yana karantawa. Injin Yaya ya jingina da wasu kayan aiki na gama-gari da ke zuwa tare da maniƙin da ya yi amfani da shi, wato manhajar da ke niƙa rubutu zuwa yaren inji, nata maniƙin kuwa wani iri ne, kayansa sunayensu daban. Suka gwada jawo irin nasa, linka ya ce yanzu kuma sunaye sun zo bibbiyu, bai san wanda zai ɗauka ba. Suka cire, ya ce babu. Gaba kura baya sayaki.

"Wannan sai mai shi," Dogo ya ce. "A sake niƙa shi daga asali da irin maniƙinki, kafin shayi ya huce an gama. Ki ce ya turo rubutun."

Ta ce to. Ta tura wa Yaya saƙo, saƙon ya tsaya a hanya. Ta kira ofishin kamfanin su Yaya, wata mata mai sanyin murya ta ce za a isar in jirgi ya yi magana. Oganta a wurin aiki ya ba ta hutu ba tare da ta roƙa ba, abin da ya ƙara tsorata ta. Ta koma teburin falo, ta san ba zai yi ba, amma ba ta iya zama hannu rabbana, sai ta ci gaba da gwada abin da ta riga ta gwada. Ta shiga zaurukan masu sana'a a intanet, ta tarar da mutane da yawa sun yi irin tambayarta shekarun baya, wani a ƙasa ya rubuta ya gyara nasa, bai faɗi yadda ya yi ba. Ta tsine masa har cikin ranta.

Sau ɗaya waya ta shiga, da hantsi, murya tana yankewa.

"Yaya, ba ya haɗuwa. Turo min asalin rubutun."

"Ni a kwamfutata lafiya lau yake tashi."

"Na sani! Maniƙinmu ba ɗaya ba ne. Turo min kawai, wallahi ba zan taɓa komai ba."

"Haka kika ce wancan karon. Turo min jan rubutun in gani, ƙila ke ce ba ki…"

Layin ya ɗauke. Ta kira har wayar ta yi zafi. Ta kifa kai a tebur, ba ta san wanda za ta fara jin haushi ba, shi, ko teku, ko ita da ta taɓa masa aiki tun tana yarinya. Abin da ke ci mata rai shi ne ta san ciwon, ta san maganin, maganin yana cikin kwamfutar da ke lilo a tsakiyar ruwa.

Muryar Baba kuwa kullum raguwa take. Da farko dishewa ce ta safe, ta sake da rana. Daga baya ta daina sakewa. Yakan tsaya tsakiyar labari ya kurɓi ruwan ɗumi, ya dafe wuya, ya ci gaba. Mama ta ce ya riƙa adanawa, ya ce, "In adana wa wa? Likita zai saya ne?"

Ranar da abin ya faru da la'asar ne. Auta ta samo wata dabara, ta bi sunayen da linka ya rasa ɗaya bayan ɗaya ta rubuta musu madadi da hannu. Aikin hauka ne, ta sani, amma jan rubutun ya fara raguwa, kuma rabonta da ganin ya ragu tun ofis. Tana tsaka da bin wani dogon suna, yatsa a kan allo, harafi bayan harafi, Baba ya jawo kujerarsa, ya ɗauki waya, ya danna ja.

"Jama'ar cikin waya, yau labarin ranar da aka haifi uwata zan ba ku. Ina kan hanya da yara…"

Sunan ya kuɓuce mata.

"Baba, don girman Allah ka yi min shiru! Shiru kawai nake roƙo, in gama abin nan!"

Falon ya yi tsit, har ƙarar cokali a kicin ta tsaya. Baba ya dube ta, ba fushi a fuskarsa.

"To, uwata. Na yi shiru."

Ya danna tsayarwa, ya ajiye wayar a hankali kusa da hannunta, ya shiga ɗaki. Ta so ta bi shi. Ta ce bari ta ƙarasa wannan layin. Da ta ƙarasa ta danna, jan rubutun ya dawo fiye da da.

Da safe Mama ta fito da gudu ba ɗankwali. Numfashin Baba ya sarƙe, yana ja kamar ana zuƙar ruwa da tsinke. Maƙwabci ya kawo mota. A asibiti likita bai ko zauna ba, ya ce ba za a jira ranar da aka sa ba, yanzu za a shiga da shi. Aka tura gadon ta gabansu, Baba ya ɗaga musu yatsu biyu, ƙofa ta rufe.

Labari ya isa jirgi ta hanyar kamfani. Kafin a fito da Baba daga ɗakin farfaɗowa saƙon Yaya ya shigo, asalin rubutun gaba ɗaya, babu gaisuwa, babu gargaɗi, sai kalma biyu a ƙasa, yafe min. Auta tana zaune a bencin baranda da kwamfuta a cinya. Ta sa 'yan kalmomin da ya manta, ta niƙa injin da maniƙinta, ta danna. Ko gyara zama ba ta yi ba linka ya gama, babu ja ko ɗigo. Ta ɗora a wayarta, manhajar ta buɗe tsaf, kyakkyawa, yadda ta zana ta. A tsakiyar allo aka rubuta: Karanta wannan jimlar da ƙarfi. Ta daɗe tana kallon rubutun, wata ma'aikaciyar jinya ta zo wucewa ta tambaye ta ko lafiya.

Aiki ya yi kyau, in ji likita. Da aka dawo da Baba ɗakin jinya ya rame, an naɗe wuyansa da farin bandeji, da 'yar ƙofa a ƙasan maƙoshi inda yake numfashi yanzu. Idanunsa dai nasa ne. Da ya ɗan samu ƙarfi ya yi wa Mama alama ta ba shi wayarsa daga jaka. Ya buɗe wurin rubutu, da yatsa ɗaya, a hankali, ya rubuta, ya juyo wa Auta allon.

Kun haɗa?

"Mun haɗa, Baba. Ya tashi."

Ya lumshe ido, ya ɗaga babban yatsa. Ya sake rubutu.

Sa wa mamanki na bakin titi. Ta ji hannu nawa ne.

Mama ta yi dariya da hawaye, ta jawo kujera kusa da gado, ta gyara mayafi kamar za a sa mata fim. Auta ta karɓi wayar. Injin bogi ne har yanzu a cikinta. Ta san abin da za ta gani, amma ta buɗe ma'ajiyar tana addu'ar ko ta yi kuskure a rubutunta, ko sau ɗaya a rayuwa abin da ta rubuta ya ƙi yin abin da ta ce. Bai ƙi ba. Fayil ɗaya ne, gwaji.

"Baba…" ta ce.

Mama ta gaji da jira ta miƙo hannu ta taɓa fayil ɗin. Muryar Baba ta cika ɗakin, a dishe, amma tasa ce, da wannan jan da yake yi wa kalma in zai fara labari. Jama'ar cikin waya, yau labarin ranar da aka haifi uwata zan ba ku. Ina kan hanya da yara. Sai muryar Auta ta faɗo a kai, da ƙarfi, har mai jinyar gadon gefe ya waiwayo. Sai shiru. Sai, To, uwata. Na yi shiru.

"Sauran fa?" Mama ta ce.

"Babu saura, Mama. Kowanne yana goge na bayansa. Wannan ne na ƙarshe."

Ta faɗa musu duka, layi ɗayan da ba ta rubuta ba, da dalilin da ya sa. Mama ba ta gane rabin bayanin ba, amma ta gane babu. Ta sa bakin mayafi ta rufe fuska.

Baba ya miƙo hannu, Auta ta ba shi wayar. Ya sake kunna fayil ɗin, ya kara a kunne, ya saurara har ƙarshe. Ya dubi 'yarsa da ke tsaye, fuskarsa ta yi irin yadda take yi in zai tsokane ta ya ba ta haƙuri a lokaci guda. Ya gyara kafaɗa, ya ɗago wayar saitin bakinsa kamar yadda ya saba a teburin falo, leɓɓansa suka buɗe, babban yatsansa ya nufi jan madanni.

Auta ta yi tsalle ta damƙe hannunsa.

"Kar ka danna, Baba! In ka danna wannan ma ya tafi."

Ya tsaya da baki a buɗe, iska tana fita ta ƙofar wuyansa ba sauti. Ya dubi yatsansa, ya dubi hannunta a kan nasa. A hankali ya rufe bakin, ya sakar mata wayar.